Kuɗin Kafin Alƙalami Amana Ne

Ɗana, matso kusa, ka ajiye wayar nan tukuna. Ban kira ka don in tozarta ka ba, shi ya sa na bari sai da yara suka tashi. Jiya bayan la'asar Hajiyar da kake wa gyaran gida ta aiko ƙaninta wurina. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi sati uku ke nan da ka yaye musu kwanon ɗakuna biyu, ka lulluɓe da leda, ka ce gobe za a kawo katako, kuma har yau goben ba ta zo ba. Ta kwashe 'ya'yanta sun cunkushe a ɗaki ɗaya. Ga Yuni ya kama, kullum da yamma hadari na haɗowa daga gabas. Wurina ya zo domin ni na ce su ba ka aikin, na shaida musu cewa a hannuna ka koyi riƙe cokalin gini.

Na san inda kuɗinta suka shiga, ba sai ka faɗa mini ba. Da su ka ƙarasa tayil ɗin gidan wani Alhaji da kake wa aiki, saboda nasa kuɗin ka riga ka taɓa su ka biya bashin rodi a Ƙofar Ruwa. Yanzu kana jiran aiki na uku ya faɗo ka cike ramin Hajiya. Na yarda ba cuta ka yi niyya ba. Amma na ga wannan hanya ta durƙusar da maginan da suka fi ka hannu. Abin da mai gida ya damƙa maka kafin a fara aiki, simintinsa ne da yashinsa da katakonsa, sai dai ba a kai ga sayo su ba. Naka a ciki ladan aikinka ne da 'yar ribarka, kuma ba za ka san ko nawa ba ne sai ranar da aka kwashe ɓaraguzai aka share wuri. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A zamaninmu mutum kan yi irin wannan juye-juyen ya tsira, domin farashi na zaune wuri ɗaya. Yau ba haka ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin tifar yashi da na dakon kaya suka tashi. Ka tuna farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, alhali shekara guda kafin nan bai wuce 5,000 ba. Wanda ya karɓi kuɗin buhu sittin ya riƙe a aljihu, ranar da ya je saye sai ya tarar talatin za su ba shi. Saboda haka ranar da kuɗi suka shigo, ranar za ka sayi kaya, ka sauke su a gidan mai aikin, ka miƙa masa rasit. Rodi da kwano da tayil ba sa lalacewa don an ajiye su. Siminti kuwa ka sayi wanda za ka yi aiki da shi nan kusa, ka jera shi a kan katako nesa da bango, don in ya sha raɓa ya dunƙule ya tashi daga aiki. Kuma duk takardar farashin da ka ba mutum, ka rubuta a ƙasanta cewa ta sati biyu ce.

Sai dai asalin matsalarka ta fara tun kafin nan, tun ranar jinga. An ce mini ka shiga gidan, ka zagaya sau ɗaya, ka yanke kuɗi a tsaye, don kana tsoron kada wani ya riga ka. Ɗana, gyara ba sabon gini ba ne. Sabon gini kai ka haƙa tushensa, ka san abin da ke ciki. Tsohon gida kuwa yana da sirrin da ko mai shi bai sani ba. Sai ka ƙwanƙwasa shafe da ƙotar guduma ka saurara. In ya yi sauti kamar ganga, ya rabu da bulo, fenti ba zai tsare shi ba. Ka duba gindin bango, musamman a gidajen cikin birni, inda gishiri ke hawowa ya ci ginin har yana zuba kamar gari. In ka shafe wannan ba ka tare danshin daga ƙasa ba, damina ɗaya zai dawo, kuma sunanka za a kira. Ka cire silin ɗaya ka leƙa da tocila, ka soki katako da ƙusa ka ga ko gara ta cinye cikinsa. Ka tambayi inda tsohuwar shadda take, da inda wayar wuta ta bi.

Ni ma na taɓa yin wannan gaggawar. Wani bawan Allah ya ce in haɗe masa ɗakuna biyu su zama falo. Na yanke kuɗi ban hau sama ba. Da muka fara fasa bangon tsakiya, sai ga azara ta fara saukowa, ƙasa na zubo mana a ka, ashe bangon ne ke ɗauke da rufin. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Ginshiƙi da lintar da muka zuba daga aljihuna suka fito, na yi wata biyu ina aikin da ban ci ko kwabo a cikinsa ba. Tun daga ranar ba na taɓa bangon da ban san abin da yake ɗauke da shi ba. In aikin ya kai ga ɗora bene ko cire ginshiƙi, ka nemo injiniya, mai gida kuma ya nemi izinin hukumar tsara birni, wato KNUPDA a nan Kano.

Sai maganar rubutu. Kun fi mu boko, amma mun fi ku riƙe littafi, abin yana ba ni mamaki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. To me zai sa ka ji kunyar fito da takarda a gaban Hajiya? Ka rubuta abin da za ka yi, da abin da ba ya cikin jinga, da yadda za a biya ka kashi-kashi: in an gama rufi, in an gama shafe, ciko kuma ranar miƙa makulli. Abin da ya fi cinye ribar mai gyara shi ne "tunda kana nan". Tunda kana nan, ɗan matsar mini da tagar nan. Tunda kana nan, a ƙara soket biyu a kicin. Kai kuma kunya ta sa ka ce ba komai. Ka ce to, Hajiya, za a yi, ga abin da zai ci, ga kwanakin da zai ƙara. Ko a waya ne ka tura mata, ta amsa, sannan a ɗaga guduma.

Wani abin da ya fi damuna shi ne leburorinka. Yaron nan da ke ɗaukar maka kwanon sarki tun safe har la'asar ya ce mini yana bin ka kuɗin yini shida. Da wannan kuɗin ake cefane a gidansu. Birkilan da ba a biya ba, gobe zai tafi wani aikin, in kuma ya zo zai yi maka aikin ganin ido, ya daina ba shafe ruwa, alhali siminti na son a jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa kuma sai ya yi kwana 28 yake cika. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ka buɗe wa sana'ar asusu dabam da na cefanen gidanka. Motar da kake maganar saye za ta iya jira.

Yanzu ga abin da za mu yi. Gobe bayan sallar asuba ka zo da littafinka da duk rasit ɗin da ke hannunka, mu zauna mu fitar da abin da ya rage na Hajiya har kwabo. Akwai mai katakon da muka daɗe muna hulɗa, zan tsaya maka ya ba da na rufin ɗakunan nan biyu, ka biya shi daga cikon Alhaji. Daga nan mu wuce gidanta tare. Ni zan yi sallama, amma kai za ka yi bayani da bakinka, ka faɗa mata gaskiyar inda kuɗinta suka shiga, ka ba ta haƙuri, ka sa mata ranar da kafinta zai hau. Ka kira yaron nan tun daren yau ka ba shi ko na yini uku ne. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka, ka gaida mini mahaifiyarka.