Hali Zanen Dutse, da Lauyan Shugaba Nixon

Kwanakin baya na ga an jefi wani matashi da wannan karin magana. Ya fito daga gidan yari, inda ya koyi aikin kafinta, ya zo wani shago yana neman a ɗauke shi. Mai shagon ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Hali zanen dutse." Yaro ya juya. Tun daga ranar sunan wani Ba'amurke yake ta faɗo mini a rai, Charles Colson, wanda ya rasu a watan Afrilun 2012 yana da shekara 80.

Colson tsohon soja ne. Ya kai muƙamin kyaftin a rundunar zaratan sojojin ruwa ta Amurka a shekarun 1950, sannan ya karanci shari'a ya zama lauya. A 1969 Shugaba Richard Nixon ya ɗauko shi ya zama mashawarcinsa na musamman, kuma aikin da ya yi a fadar ba na alheri ba ne. In ana so a ɓata wa wani suna, shi ake kira. Daga ofishinsa aka tattara sunayen mutanen da ake ɗauka maƙiyan shugaba ne. Har kirari ake yi masa cewa zai iya taka kakarsa ya wuce muddin Nixon zai ci zaɓe, shi kuwa bai ƙi kirarin ba.

A 1973, lokacin da badaƙalar Watergate ta fara cinye na kusa da Nixon, Colson ya je gidan abokinsa Tom Phillips, shugaban kamfanin Raytheon. Phillips ya karanta masa wani babi na littafin C.S. Lewis a kan girman kai. Colson ya ba da labari daga baya cewa da ya fito ya shiga motarsa, kuka ya hana shi tuƙi. Ba a jima ba ya ce ya miƙa rayuwarsa ga Almasihu. Jaridu suka yi masa ca, masu zanen barkwanci suka samu abin yi. Da a ƙasar Hausa ne, tuban muzuru za a kira shi, kuma wa zai ga laifin mai faɗa? Mutum yana ganin kotu ta tunkaro shi, sai ga shi da Littafi Mai Tsarki a hannu.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. A watan Yunin 1974 ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifin yi wa shari'a zagon ƙasa, wato ƙulla makircin ɓata sunan Daniel Ellsberg, mutumin da ya fallasa takardun sirrin yaƙin Biyetnam, alhali ana cikin shari'arsa. Ya yi wata bakwai a tsare, har da zaman kurkukun Maxwell a jihar Alabama. An karɓe masa lasisin lauya. Mahaifinsa ya rasu yana ɗaure. Da ya fito, wanda ke neman a manta da abin kunyarsa nisanta kansa zai yi da duk abin da ya shafi kurkuku. Shi kuwa komawa ya yi. A 1976 ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship, wadda yau take aiki a ƙasashe sama da 100, har da Najeriya. Shekara da shekaru, ranar Ista a cikin fursunoni yake yin ta. A 1993 aka ba shi kyautar Templeton, kuɗi sama da dala miliyan ɗaya, ya zuba su a aikin. Ya sa ƙarfinsa har aka yi dokar 2003 ta yaƙi da fyaɗe a gidajen yarin Amurka, matsalar da manya ba sa son ko ambatonta. Kusan shekara 40 ya yi a kan wannan. Babu mai yaudarar da ke da irin wannan haƙuri.

To, karin maganar ta faɗi ke nan? Haka na so in ce, sai na sake duba mutumin. Naci, taurin kai, iya haɗa mutane a kan manufa ɗaya, biyayya irin ta soja ga wanda ya ɗauka ubangidansa: duk suna nan yadda suke tun zamanin Nixon. Ubangida ya sauya, zanen bai goge ba. In haka ne, magabata ba su yi ƙarya ba, mu ne muke ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Sun ce hali yana da wuyar kankarewa, ba su ce Allah ba ya juya akalarsa ba.

Sai dai ko wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin akwai wuraren da tsohon zanen ya fito ba a juye ba. A 2002 yana cikin shugabannin Kirista da suka sa hannu a wasiƙar da ta halatta wa Shugaba Bush yaƙin Iraƙi, kuma kowa ya ga jinin da aka zubar. A 2005, da aka gano cewa Mark Felt na hukumar FBI ne ya riƙa tsegunta wa 'yan jarida sirrin Watergate, Colson sukarsa ya yi. Wannan muryar bawan Almasihu ce, ko ta tsohon yaron fada? Ina girmama mutumin ƙwarai, amma ba zan iya raba su biyun ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Colson ya tuba yana da manya a bayansa. Sanata Harold Hughes, abokin hamayyar Nixon, ya rungume shi a matsayin ɗan'uwa tun duniya tana yi masa dariya. Ɗan majalisa Al Quie ya nemi a bar shi ya ƙarasa masa sauran wa'adin kurkukun. Waɗannan mutane ba su da wata hujja a lokacin, domin shekarun da suka gaskata shi ba su riga sun zo ba. Kasada suka yi, kuma tana iya ɓacewa. Sau nawa aka yarda da mai tuba ya koma ruwa, ya bar wanda ya tsaya masa da jin kunya? Mai tsoron wannan ba mugu ba ne, yana da iyali da dukiyar da yake karewa. Abin da na kasa warwarewa shi ne, in kowa zai jira sai tuba ta nuna kanta kafin ya buɗe ƙofa, a ina za ta nuna kan nata, kuma wa ya kamata ya ɗauki asarar in aka yi rashin sa'a?