Tafakkuri a Kan Ƙashin Baya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Wanda ya je Kure, kusa da Yamai, ya ɗaga kai ya dubi raƙumin dawa, zai zaci ƙasusuwan wuyansa ba su ƙirguwa. Bakwai ne kacal. Wuyan ɗan Adam ma bakwai, na ɓera bakwai, na jaki bakwai. Kusan duk dabba mai shayarwa haka take, sai 'yan kaɗan, kamar ayun kogin Kwara da ke da shida. Subhanallah, ko a cikin ƙa'idar sai da Ya bar abin da zai nuna ba ƙa'ida ke hukunta Shi ba.

Kifi, kwaɗo, maciji, tsuntsu da mai shayarwa, masana sun haɗa su gida ɗaya saboda ƙashin baya: gaɓoɓi ne a jere, laka ta ratsa ta cikinsu har ta sadu da ƙwaƙwalwa, ƙoƙon kai yana tsare ta. Mutum yana da gaɓoɓi 33, maciji kuwa ɗaruruwa. Aya ta 45 a Suratun Nur ta ambaci mai jan ciki da mai ƙafa biyu da mai huɗu, ta mayar da su asali guda.

To, nan ne aikin muridi yake. Ta wannan laka zafi ke hawa zuwa kai, a jikin mutum da na dabba duka. Jakin da aka ɗora wa amalanke fiye da ƙarfinsa, ana zabga masa sanda a gadon bayan da ya riga ya yi gyambo, yana jin abin da mai shi zai ji da shi aka daka. Sai ka ga mutumin da ba ya fashin wazifa, ya fito zawiya da carbi a hannu, da safe kuma shi ne mai wannan sanda. Hadisi ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

A ƙarshen ƙashin bayan mutum akwai ɗan ƙashin da Larabawa ke kira ajbuz zanab. Annabi (SAW) ya sanar cewa ƙasa na cinye jiki duka ban da shi, daga gare shi za a sake harhaɗa mutum ranar tsayuwa, ranar da za a bi wa akuya marar ƙaho haƙƙinta daga mai ƙaho.