Ramin Mugunta a Birnin Paris

Bahaushe bai tsaya yana roƙon mugu ya daina gina rami ba, don ya san halin ɗan Adam. Cewa ya yi, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa. Shawara ce ga mai son kansa, kuma da wuya a sami inda aka yi fatali da ita kamar Faransa ta zamanin juyin juya hali.

A watan Maris na 1793 ƙasar tana tsaka mai wuya. An fille kan Sarki Louis na 16 a Janairu, sarakunan Turai sun yi mata taron dangi, ga tawaye a yankin Vendée. Georges Danton, lauya mai murya kamar aradu, ya matsa wa majalisa ta kafa kotu ta musamman don maƙiyan juyin, kotun da ba a ɗaukaka ƙara. Hujjarsa ba ta banza ba ce: gara hukuma ta hukunta da a bar 'yan gari su sake yi wa fursunoni kisan gilla irin na Satumban 1792.

Shekara guda da 'yan makonni, sai ga Danton a gaban kotun. Da ya fara kare kansa har 'yan kallo suka soma karkata gare shi, nan da nan majalisa ta yi dokar fitar da duk wanda ya ci mutuncin kotu, a yanke hukunci a bayan idonsa. Ranar 5 ga Afrilu 1794 aka kai shi dandali. An ruwaito ya ce wa hauni ya ɗaga kansa ya nuna wa jama'a, don kai ne da ya isa kallo.

Maximilien Robespierre, wanda ya amince da kama shi, bai ga aya ba. Ranar 10 ga Yuni abokinsa Couthon ya gabatar da dokar da ta ƙara wa ramin zurfi: ba lauya, shaidu ba dole ba ne, hukunci kuwa ko saki ko kisa. Cikin makonni bakwai an sare kan mutum sama da 1,300 a Paris kaɗai. Su kansu 'yan majalisa suka fara shafa wuya. Ranar 26 ga Yuli Robespierre ya ce akwai maciya amana a cikinsu, aka ce ya faɗi sunaye, ya ƙi. Wannan ƙin ne ya ci shi, don kowa ya ɗauka da shi ake. Washegari suka hana shi magana da ihu, suka sa aka kama shi.

Danton dai ya sami kwanaki yana magana. Robespierre, da harsashi ya farfasa masa muƙamuƙi, an kai shi kotu ne kawai a tabbatar shi ne. Ranar 28 ga Yuli aka kashe shi tare da abokansa Couthon da Saint-Just da wasu 19. Da hauni ya fizge ƙyallen da ya ɗaure masa haɓa, ƙara kawai aka ji.

Saura mai gabatar da ƙara, Fouquier-Tinville, wanda Danton da Robespierre suka bi ta hannunsa. Ya ce shi umarni ya bi, aka saurare shi makonni, gatan da bai cika ba kowa ba, sannan aka fille kansa ranar 7 ga Mayu 1795. Kafin watan ya ƙare aka rushe kotun.