Shin Wanda Ya Yaudari Kifi Maƙaryaci Ne?

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da kogin Logon ya ja baya har yashi ya fito fili tsakanin Yagwa da Bongor, ɗan yayata ya zo mana hutu daga Garwa da wani abu naɗe a cikin leda. Kifi ne na roba, tsawonsa ya ɗara taƙi guda, jikinsa da laushi kamar tsoka, bayansa kore, cikinsa fari. An zuba masa darma a ka don ya nutse, ƙugiya ta ɓullo ta gadon bayansa, wutsiyarsa kuwa faffaɗa ce kamar filafilin tuƙa kwale-kwale. Da ya ja shi a cikin bahon wanki sai wutsiyar ta shiga kaɗawa dama da hagu, jikin yana ɗan mirginawa, har ƙananan yaran gidan suka ja da baya.

Kawuna ya haura shekara 50 yana su a wannan kogi. Ya karɓi abin, ya matsa shi, ya shinshina, sannan ya dubi yaron da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika. Ya ce, "To maigida, shi kifin me zai ci a nan?" Yaron ya ce, "Babu komai, Kaka. Gani zai yi kamar ɗan'uwansa ne ya ji ciwo, sai ya kawo cafka." Kawu ya ajiye robar a kan tabarma ya ce, "Mu ma muna yaudararsa, amma da abincin gaske. Kai ko lomar ban-kwana ba za ka ba shi ba."

Aka yi dariya aka tashi, amma ni maganar ta bi ni har makwanci. Tun muna yara ake horonmu da cewa ƙarya mugun abu ce. Ga kuma sana'a sukutum, wadda ta ciyar da ni ta biya mini kuɗin makaranta, an gina ta a kan nuna wa wata halitta abin da ba shi ne ba. Shin mai fatsa maƙaryaci ne? In kuwa ba maƙaryaci ba ne, me ya raba shi da maƙaryaci?

Bari in fara da shi kansa kifin robar. Dabarar koton bogi ta daɗe a duniya. A shekarar 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifin da ke tangaɗi hari, sai ya sassaƙa ɗan kifi, ya lulluɓe shi da takardar ƙyalli, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi irin na mai rauni. A 1949 kuma Nick Creme, a garin Akron na Amurka, ya zuba tana ta roba mai laushi. Daga nan aka yi ta ƙirƙira har aka zo kan irin wannan mai faffaɗar wutsiya. Manya daga cikinsu an yi su ne don wasu mafarautan kifaye masu dogon jiki da kaifin haƙori na ƙasashen sanyi, waɗanda Turawa ke kira pike da musky. Shi musky ɗin, na tafkunan arewacin Amurka da Kanada, wuyar kamu gare shi har suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma.

Ba mu da su a Logon, amma muna da masu irin halinsu: tsage mai haƙora kamar ƙusa, da kuma giwan ruwa, wanda kan iya kusantar mita 2 a tsayi. Dukkansu ba ido kaɗai suke farauta da shi ba. Akwai wani layi na jijiyoyi a gefen jikin kifi, daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Shi ya sa ko a ruwanmu mai laka, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, bugun wutsiyar roba yana isa ga giwan ruwa a cikin gurbinsa. Ke nan an yi nazarin yadda yake ji da yadda yake yanke shawara, sannan aka ƙera abin da zai faɗa masa ƙarya da harshen da ya fi yarda da shi. Wannan ne ya sa ban iya watsar da maganar kawu a matsayin raha kawai ba.

Amsa ta farko da ta zo mini ita ce wadda kowa zai bayar: ai dabba ce, ƙarya kuwa tsakanin masu hankali take. Sai dai akwai wani labari da malamai ke yawan bayarwa wanda ya hana ni tsayawa a nan. An ce wani malamin hadisi ya yi doguwar tafiya don ya karɓi ilimi a wurin wani mutum. Da ya isa sai ya tarar dokin mutumin ya kufce, shi kuma ya tattaro bakin rigarsa yana nuna wa dokin kamar akwai hatsi a ciki. Dokin ya matso, ya kama shi. Malamin ya duba ya ga rigar wayam, sai ya juya ya koma gida, ya ce ba zai karɓi magana daga wanda ya yi wa dabba ƙarya ba. Ko labarin ya faru kamar yadda ake faɗa ko hikaya ce ta koyarwa, iyayenmu sun yarda da darasinsa: yadda mutum ke mu'amala da dabba yana nuna halinsa. To in haka ne, ina makomar kawuna da tanarsa, balle jikansa da robarsa?

Na daɗe ina juya wannan kafin in ga inda doki da kifi suka rabu. Dokin ya matso ne domin jiya da shekaranjiya an nuna masa riga kuma ya sami hatsi. Akwai sabo tsakaninsa da ubangidansa, akwai abin da za a iya kira alkawari ko da ba a furta shi ba. Mutumin ya ɗauki wannan yarda ya mai da ita igiya. Giwan ruwa kuwa bai taɓa yarda da kowa ba. Da ya taso daga gurbinsa, ya taso ne don ya haɗiye wani, kuma shi ma da kwanton ɓauna yake ci. Tsakanin mafarauci da abin farauta babu amana, saboda haka babu abin da za a ci. Abin da muke ƙi a ƙarya, in muka tona, shi ne cin amana: mai awo da ya dunƙule gindin mudu, ɗan kasuwar da ya jera manyan kifaye a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Waɗannan sun ci ribar yardar da aka ba su. Mai fatsa bai karɓi yardar kowa ba.

A kan wannan ma'auni, bambancin da kawu ya kawo tsakanin tana da roba bai tsaya da ƙafarsa ba. Lomar da ke kan ƙugiya ba kyauta ba ce ga kifi. Hasali ma wanda zai kama giwan ruwa da koton gaske yakan soke ɗan karfasa mai rai ta baya ya bar shi yana mutsu-mutsu a ruwa har dare ya raba. Rai biyu ke nan a kan ƙugiya ɗaya. Mai roba rai ɗaya ya taɓa.

Da a nan maganar ta ƙare da na ce yaron ya yi nasara. Amma kwana uku bayan haka muka fita da asuba zuwa wani gurbi a ƙasan gari. Jifa ya yi ta yi har rana ta ɗaga. Tsage ya kawo sara sau ɗaya ya gutsure wutsiyar roba, ya sake ɗaura wata. Can sai sandar ta lanƙwashe. Ya ɗauki lokaci yana fama kafin ya jawo giwan ruwa wanda ya kai tsawon hannun babban mutum. Ya cire ƙugiyar, ya miƙo mini waya in ɗauke shi hoto, sannan ya sunkuya ya mai da kifin ruwa. Ya ce haka baƙin da ke zuwa kogin Faro daga Turai suke yi, don kada manyan kifaye su ƙare.

Ban taɓa ganin ran kawu ya ɓaci a kan ruwa kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ka huda masa baki, ka wahalar da shi har ya gaji, ba don kana jin yunwa ba. To don me?" Yaron ya rasa amsa, ni ma haka.

A nan ne na gane tambayar farko ta ɓoye wata wadda ta fi ta nauyi. Kawu bai damu da yaudara ba sosai. Abin da yake nema shi ne dalili. A wurinsa wahalar da kifi ke sha bashi ne, abin da ke biyan bashin kuwa shi ne tukunyar da za a ɗora da yaran da za su ƙoshi. In aka cire tukunya, saura wahala tsagwaronta, an mai da ita abin wasa. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A 2003 wata masaniya a Birtaniya, Lynne Sneddon, ta wallafa binciken da ya nuna akwai jijiyoyin jin ciwo a fuska da leɓen kifi, ko da yake masana na ci gaba da muhawara a kan yadda kifin ke jin abin. Ƙasar Suwizalan ma tun 2008 ta hana mutum ya jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da ya kama. Tsohon da bai taɓa fita daga kwarin Logon ba ya isa inda majalisarsu ta isa.

Sai dai shi ma yaron yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Babbar macen giwan ruwa ita ce mai zuba ƙwai da yawa. Wanda ya sake ta ya bar wa kogi iri. Ga shi kuma kowa a Yagwa ya san kamun yau ba kamar na da ba ne. Abin lura shi ne, abubuwan da suka rage kifin babu mai yaudara a cikinsu. Madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafar SEMRY, tare da jingar da aka yi a gefen kogi, ta rage ambaliyar da ke malala cikin fadamun da kifi ke hayayyafa, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, wasu sun ɗinke shi sun mai da shi taru, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Masu zuba maganin ƙwari a gurbi suna kashe na ci da wanda ba na ci ba, su kuma kai wa mutane kasuwa. Gidan sauro bai taɓa yi wa kifi ƙarya ba. A fili yake zuwa, ya tafi da kowa.

Wannan ne ya sauya mini wurin da nake neman laifi. Na fara da tuhumar koto, na ƙare da ganin cewa amanar da ke wuyan masunci tana tsakaninsa ne da waɗanda suke tarayya da shi a kogin: Masa da Musgum da Kotoko da Hausawa, na wannan gaɓa da na gaɓar Cadi, da 'ya'yansu da ba a haifa ba. Su ne suka yarda, ba tare da an rubuta ba, cewa kowa zai ɗiba ya bar saura. Mai taru na gidan sauro wannan yarda yake ci, kamar yadda mai doki ya ci yardar dokinsa. Ita ma robar ba ta fita fes ba. Wutsiyar da tsage ya gutsure tana can a cikinsa ko a ƙasan kogi, ba ta narkewa, ba ta ruɓewa, darmar kanta kuma guba ce. Wanda zai yi amfani da ita sai ya lissafa wannan a cikin bashinsa.

To wa ya fi gaskiya tsakanin kaka da jika? Ni dai ga inda na tsaya, mai karatu yana iya saɓa mini. Yaudarar kifi da koto, na tana ne ko na roba, ba ta sa mutum ya zama maƙaryaci. Kamu don ci halal ne kuma sana'a ce mai daraja. Sakin babbar uwa ko ɗan ƙaramin da ya faɗa ƙugiya alheri ne ga kogi. Amma fita da niyyar huda bakin mai rai don hoto kawai, wannan har yau zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ko da na san ɓarnarsa ga kogi ba ta kai ta taru ɗaya ba. Abu na iya zama mai sauƙin illa ga jama'a, ya kuma kasance yana koya wa mai yinsa wani hali da bai kamata ya saba da shi ba.

Kafin yaron ya koma Garwa sun sake fita su biyu, ban bi su ba. Da la'asar suka dawo da giwan ruwa matsakaici guda ɗaya, aka yi miya da shi, aka aika wa maƙwabta. Na tambayi kawu da me aka kama. Ya ce da robar. Na ce ashe ya sauko ke nan. Ya ce shi bai sauko ba, sharaɗi suka yi: in an sami na tukunya a naɗe igiya a dawo gida, in kuma uwa ce mai ƙwai a sake ta ba tare da tsayawa ɗaukar hoto ba. Robar guda da ta rage yaron ya bar masa. Tana nan rataye a ƙusa a zaure, kusa da birginsa, kuma ya hana yara taɓa ta.