Guntun Gatarinka: Ƙin Karɓar Taimako Nagarta Ce Ko Girman Kai?

Gabatarwa

Bahaushe yana da karin magana guda biyu waɗanda in an jera su za a ga kamar suna karo da juna. A gefe guda yana cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, a ɗaya gefen kuma yana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, wanne za a kama? Wannan maƙala za ta duba tambayar ta hanyar wani tseren keke da ake yi a Arewacin Amurka, inda aka mayar da ƙin karɓar taimako ya zama doka.

Yadda Tseren Yake

Sunan tseren Tour Divide, kuma an fara shi a shekarar 2008. Ana tashi a watan Yuni daga garin Banff na ƙasar Kanada, a bi ƙashin bayan duwatsun Roki, a ratsa jihohin Montana da Idaho da Wayomin da Kolorado, a ƙare a Antelope Wells, bakin iyakar Amurka da Meziko. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 4,400, wato ya fi a tashi daga Legas a je Maiduguri a komo. Yawancinta ba kwalta, sai turbar tsakuwa da ta daji. A wata mashiga ta Kolorado mahayi yakan hau sama da mita 3,600, a Wayomin kuma yakan ratsa fili fetal mai ƙarancin ruwa. Ga dusar ƙanƙara da namun daji a arewa, ga zafi da taɓo a kudu.

Mahayi shi ke ɗauke da guzurinsa da shimfiɗarsa da kayan facinsa. Agogo ba ya tsayawa, saboda haka duk barcin da mutum ya yi daga lokacinsa ya cira. A shekarar 2016 wani Baturen Birtaniya, Mike Hall, ya gama tafiyar cikin kwana 13 da awa 22 da minti 51, sama da kilomita 300 ke nan a kowace rana. Duk da wannan wahala, ba a biyan kuɗin shiga, kuma wanda ya zo na ɗaya ba ya samun ko sisin kwabo.

Abin da Dokar Ta Hana

Da farko mai karatu zai zaci dokar tana nufin mutum ya wadatu da kansa, ba ruwansa da kowa. In aka lura da kyau, ba haka abin yake ba. An yarda mahayi ya shiga kanti ya sayi abinci, ya kama ɗaki a masauki, ya kai kekensa wurin mai gyara. Abin da aka hana shi ne taimakon da aka shirya domin mutum ɗaya: mota ta biyo shi da kaya, ko ɗan'uwa ya tare shi a hanya da abinci, ko ya laɓe a bayan wani mahayin don ya kare masa iska. Ma'aunin ke nan: duk abin da yake buɗe ga kowa halal ne, abin da ya keɓanta ga mai gata kuwa haramun ne.

Ashe kenan dokar ta fi kusa da adalci fiye da kaɗaici. Hasali ma babu mahayin da ya taɓa yin tafiyar nan shi kaɗai. Wasu ne suka share turbar, wata ƙungiyar masu keke ce ta zana taswirar hanyar a shekarun 1990, wani ne ya ƙera keken, wata ce ta dafa abincin da ya saya a ƙauye. Wanda ya isa iyakar Meziko ya bugi ƙirji ya ce bai ci albarkacin kowa ba, ya yi wa kansa ƙarya. Abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne bai ci wani albarkacin da aka hana abokin karawarsa ba.

Amana Inda Babu Ido

Batu na biyu ya fi na farko nauyi. Ba alƙalin wasa a kan hanya. Kowane mahayi yana ɗauke da 'yar na'ura mai nuna inda yake ta tauraron ɗan'adam, amma na'urar ba ta iya faɗin wanda ya miƙa masa gorar ruwa da tsakar dare. Idan kekensa ya lalace ya bar hanya don neman gyara, doka ta ce ya komo daidai inda ya kauce ya ɗora. Wa zai gan shi in ya ƙi? Shi kaɗai ne ɗan tsere, shi ne shaida, shi ne alƙali.

A nan ne ake gane bambancin kunya da amana. Kunya tana bukatar idon jama'a kafin ta yi aiki. Amana kuwa tana aiki ko a dokar daji. Tun da babu kuɗin da za a ci, wanda ya yi maguɗi bai samu komai ba face suna, sunan da shi kansa ya san na aro ne. Hausawa kan ce gaskiya dokin ƙarfe, kuma abin sha'awa, da wannan laƙabi suke kiran keke. A wannan tsere dawakan biyu tare ake hawansu, wanda ya sauka daga ɗaya ya sauka daga ɗayan.

Inda Dokar Ta Gaza

Sai dai akwai suka guda biyu da ba za a kau da kai daga gare su ba. Ta farko, daidaiton bai cika ba. Keke mai inganci yana da tsada, kuma ba kowa ke da halin barin sana'arsa na tsawon mako uku ko huɗu ba. Gatan da aka kora daga kan hanya ya riga ya yi aikinsa tun a gida.

Ta biyu ta shafi rai. A shekarar 2022 ruwan sama da dusar ƙanƙara sun rutsa da mahaya a duwatsun da ke kusa da garin Fernie na Kanada, har sai da masu aikin ceto suka fito da mutane da dama waɗanda sanyi ya galabaitar. Mai suka zai ce: ina dogaro da kai ga wanda ya jefa kansa cikin haɗari da gangan, sa'an nan ya sa wasu suka saida ransu don su ɗauko shi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma a ganina ta faɗa kan wanda ya fita ba da isasshen shiri ba. Shirin da mutum zai yi kafin ya shiga daji hakki ne na waɗanda za su zo nemansa. Amma wanda ya yi shirinsa, abu ya fi ƙarfinsa, ya danna na'urar neman agaji, bai yi abin kunya ba. Da ya ƙi dannawa don kada a ce ya kasa, ya bar iyalinsa da makoki, wannan shi ne girman kai. Haka nan wanda ya wuce ɗan'uwansa kwance a gefen hanya don gudun ɓata lokaci ya kiyaye dokar wasa, ya karya wadda ta fi ta.

Kammalawa

A taƙaice, karin maganar nan biyu ba sa karo, kowace da muhallinta. Guntun gatari na lokacin da aikin naka ne, kuma karɓar taimako zai tauye hakkin wani ko ya sa a yaba maka kan abin da ba kai ka yi ba. Jinka kuwa ta lokacin da nauyin ya wuce hannu ɗaya, musamman in rai ne a ciki. Ƙin taimako nagarta ce matuƙar adalci da gaskiya ne suka sa aka ƙi. Da zarar dalilin ya koma tsoron abin da mutane za su ce, to ya zama girman kai. Wahalar ita ce babu wanda zai iya rarrabe wa mutum tsakanin biyun, domin shi kaɗai ya san abin da ya hana shi miƙa hannu.