Kofin 'Yan Dagaji: Shin Kuɗi Na Ɓata Niyya?

A cikin maganganun da muka saba ji a tarurrukanmu na marubuta, da wuya a sami wadda ta kai wannan yawa: "Ni ba don kuɗi nake rubutu ba." Da zarar wani ya faɗe ta sai ka ga ana gyaɗa kai, kamar ya kawo shaidar da ba ta bukatar tazkiya. A ƙarƙashin maganar nan akwai wani zato da muka daɗe muna riƙe da shi ba tare da mun ɗora shi a ma'auni ba, wato cewa aikin da aka yi don so kaɗai ya fi tsarki, kuma da zarar kuɗi ya shigo sai niyya ta gurɓace. To, Turawan Ingila sun taɓa ɗaukar zaton nan suka mai da shi doka, suka yi masa kofi, suka sa masa masu gadi, suka shafe shekara 80 suna gwada shi a filin ƙwallo. Ya kamata mu leƙa mu ga yadda ta kaya.

A shekarar 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ake kira FA, ta halatta a riƙa biyan 'yan wasa albashi. Ba da son ranta ta yi ba, ƙungiyoyin garuruwan masana'antu na arewacin ƙasar ne suka matsa mata lamba. Ba a jima ba masu sana'ar ƙwallo suka mamaye babban kofin ƙasa, waɗanda ke buga ta don sha'awa kuwa suka zama 'yan rakiya. Saboda haka a 1893 aka ƙirƙiro musu nasu kofin, gasa ta sili-ɗaya-ƙwale wadda ta haɗa ƙasar baki ɗaya, da sharaɗi guda: duk wanda ya karɓi lada a kan buga ƙwallo ba shi ba ita. Waɗanda suka fara ɗaukar kofin a 1894 su ne Old Carthusians, tsofaffin ɗaliban makarantar Charterhouse, makarantar da sai ɗan mai hali ke shigarta.

Kada mu yi gaggawar yi wa mutanen nan dariya, domin akwai abin sha'awa a aƙidarsu. Ƙungiyar da ta fi kowa riƙo da ita ita ce Corinthian, wadda aka kafa a Landan a 1882. Shekara da shekaru ba ta shiga gasar neman kofi, wai don kada kwaɗayin nasara ya ɓata wasan. Ana ba da labarin cewa da aka shigo da dokar bugun fenariti a 1891 sai suka ɗauke ta cin mutunci, domin a ganinsu mutumin kirki ba ya yi wa ɗan'uwansa ƙeta da gangan. In an ba su bugun sai su harba waje, in kuwa an bayar a kansu sai mai tsaron gidansu ya koma gefe ya bar raga a buɗe. Kuma ba ragwaye ba ne: a 1904 sun ci Manchester United 11 da 3. Duk wanda ya ga irin maguɗin da ake yi a wasanni yau, dole ya ji mutanen nan sun burge shi.

Amma fa tambayar da ba su tsaya sun yi wa kansu ba ita ce, wa ke da halin yin aiki don so kaɗai? Ɗan lauya ko ɗan attajiri in ya tafi wasa ranar Asabar babu abin da ya ragu a tukunyar gidansu. Shi kuwa mai haƙar kwal a yankin Durham, in ya bar aikin yini guda don ya shiga jirgin ƙasa ya tafi wasa wani gari, to ladan yinin nan ya tafi, kuma iyalinsa ne za su ji a jikinsu. Doka ɗaya aka shimfiɗa wa mutum biyun, sai dai ga ɗaya ado ce, ga ɗayan kuwa haraji. Abin mamakin shi ne, talakawan nan su suka fi kowa cin kofin. Bishop Auckland, ƙungiyar wani ƙaramin gari a yankin na Durham, ta ɗauke shi sau 10, uku daga ciki a jere, daga 1955 zuwa 1957. Maƙwabciyarta Crook Town ta ɗauka sau 5.

Ta yaya suka iya? Ta hanyar da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Ɗan wasa zai dawo ɗakin sauya kaya bayan an tashi ya tarar da 'yan kuɗi an cusa a takalminsa. Wani kuma a rubuta masa a littafin ƙungiya cewa kuɗin shayi ne ko na mota. A 1928 asiri ya tonu a kan Crook Town, bincike ya bi ta kan maƙwabta, aka dakatar da 'yan wasa sama da 300 a yankin. Aka yi surutu, ƙura ta lafa, aka koma gidan jiya. A shekarun 1950, lokacin da wasan ƙarshe na gasar ke tara mutum 100,000 a filin Wembley, wa zai yarda cewa kuɗin ƙofar nan duka suna wucewa ta gefen 'yan wasa ba tare da ko ɗigo ya taɓa su ba? A 1954 sai da Crook da Bishop Auckland suka kara sau uku, a filaye uku, kafin Crook ta yi nasara da ci 1 da nema.

A nan ne batun ya zama na ɗabi'a, ya wuce na ƙwallo. Mene ne laifin mai haƙar kwal ɗin nan? In muka ce karɓar kuɗin ne, to mun ce ke nan laifi ne mutum ya ci guminsa, alhali dubban jama'a sun biya don su kalle shi. Wannan ba ta kamu ba. Laifin da ke akwai shi ne ƙarya: ya sa hannu a takarda cewa bai karɓa ba, sakataren ƙungiya ya rubuta abin da bai faru ba, jami'in hukuma ya kau da kai. Dokar da aka kafa don ta tsare gaskiyar zuciya sai ta koma makarantar koyon munafunci, kuma a ganinmu kaso mafi tsoka na alhakin yana wuyan waɗanda suka kafa dokar da suka san mai yunwa ba zai iya riƙe ta ba.

Sai dai bai dace mu wanke masu karɓar tas ba. Talauci uzuri ne a kan bukata, amma bai mai da ƙarya gaskiya ba. Ban da haka, abin bai tsaya ga biyan diyyar yinin da aka rasa ba. Ƙungiya mai hannu da shuni takan zuga takalmi da kuɗi ta janye gwanin wata, sa'an nan ta fito fili da sunan 'yar dagaji. Wanda aka zalunta a nan shi ne ɗan ƙaramin kulob ɗin da ya ɗauki dokar da gaske, ya ƙi biyan ko kwabo, aka yi waje da shi tun zagayen farko. Shi ba ya cikin tarihi, ba hotonsa a Wembley. Duk inda doka ta zama abin da ake rantsuwa da shi a fili ana take shi a ɓoye, mai gaskiya ne ke biyan kuɗin sabulu.

Malamanmu na fiƙihu sun taɓa fuskantar irin wannan tambaya a kan abin da ya fi ƙwallo daraja nesa ba kusa ba, wato karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani. Magabatan Hanafiyya sun hana, suna ganin ibada ce wadda ba a sayar da ita. Malikiyya, mazhabar da muke bi, ta halatta. Daga baya malaman Hanafiyyar ma suka ba da fatawar halacci, don tsoron kada karatu ya ɓace in malami ya tafi neman abinci ya bar allo. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya ce niyya ba ta da muhimmanci. Sun dai gane cewa niyya a zuciya take, alƙali ba ya ganinta, kuma aljihun mutum ba madubin zuciyarsa ba ne. Ana iya samun malamin da ke karɓar kuɗin Laraba yana karantarwa saboda Allah, a sami wanda ba ya karɓar sisi amma yabon mutane yake fako. Shi ma yabon ai lada ne, sai dai ba ya ƙara a aljihu. Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan nau'in albashi.

A 1974 hukumar FA ta gaji da wasan ɓuya, ta soke bambanci tsakanin ɗan dagaji da mai sana'a, kowa ya zama ɗan wasa kawai. Bishop's Stortford ce ta ɗauki tsohon kofin na ƙarshe. Manyan ƙungiyoyin suka koma gasar FA Trophy wadda aka fara a 1969, ƙananan kuwa aka yi musu sabon kofi mai suna FA Vase, wanda Hoddesdon Town ta fara ɗauka a 1975. Sabon kofin ba ya tambayar ko ana biyanka. Abin da yake tambaya shi ne a wane mataki ƙungiyarka take, kuma na can ƙasa ne ke shiga, nesa da manyan rukunonin da ake nunawa a talabijin. Wato an daina auna abin da ba a gani, an koma auna ƙarfi, wanda kowa ke iya gani.

Wani zai ce an yi asara, kuma ba za mu ƙaryata shi ba. Taron mutum 100,000 ya zama tarihi, kuma wata ƙasaita da ke tattare da kalmar nan ta "ba na karɓa" ta tafi. Amma shin son wasan ya tafi tare da ita? Ɗaruruwan ƙungiyoyi ne ke shiga gasar kowace shekara, 'yan wasansu magina ne da masu gyaran famfo da malaman makaranta, suna atisaye da dare bayan an tashi daga aiki. Wasu ana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a fili, ba a takalmi ba. Whitley Bay, ta wani gari a bakin teku a arewa maso gabas, ta ɗauki kofin sau 4, uku a jere daga 2009 zuwa 2011.

Akwai ma mutumin da rayuwarsa ta rikita rabon nan gida biyu. Bayan haɗarin jirgin sama na Munich a 1958, wanda ya hallaka 'yan wasan Manchester United takwas, Bishop Auckland ta ara mata 'yan wasa uku. Ɗayansu, Warren Bradley, malamin makaranta ne. Ya amince ya fara karɓar albashin ƙwallo ba tare da ya ajiye alli ba, a 1959 ya buga wa Ingila wasa uku, daga baya ya zama shugaban makaranta. A wace rana ce niyyarsa ta gurɓace, ranar da ya sa hannu a takarda, ko ranar da aka fara biyansa? Ba mu ga wanda zai iya nuna ranar ba.

Wasan ƙarshe na FA Vase na kakar 2019 zuwa 2020 annobar korona ta ɗage shi har watan Mayun 2021. Consett da Hebburn Town, dukkansu daga wancan yanki na kwal da ƙarfe, suka yi tattaki zuwa Wembley, filin da ɗan ƙaramin kulob kan yi mafarkinsa tsawon rayuwa, suka tarar da kujeru 90,000 ba ɗan kallo a kai, domin an hana shiga. Ba kuɗin ƙofa, ba tafi, ba uwa ko mata da za ta yi guɗa. Suka zuba ƙwallo biyar a tsakaninsu, Hebburn ta ci 3 da 2.