IYAKAR IKON ƊAN SANDA DA HAKKIN WANDA AKA KAMA

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai adalci, Wanda ba Ya son azzalumai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da masu bin sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi, abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani dattijo a unguwarmu. Ɗansa ya ci bashi a kasuwa ya gudu. Mai kuɗi ya kai ƙara caji ofis, aka zo da asuba aka tafi da tsohon, aka ce ba za a sake shi ba sai ɗan ya fito. Kwana uku yana kulle. Samarin gidan suka rabu biyu, wasu suka ce a je a yi rigima, wasu suka ce a haɗa na goro a kai. Aka haɗa aka kai. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya san cewa kamun nan tun daga tushe ya saɓa wa doka. To jama'a, jahilci ke nan, kuma shi ne gonar da azzalumi ke nomawa.

Ku fahimce ni, ba tawaye nake kiranku gare shi ba. Jama'a ba ta zaunuwa sai da hukuma, kuma ɗan sandan da ya kwana a tsaye don ku yi barci, in ya yi don Allah yana da lada. Amma ikon da ke hannunsa amana ce, kuma tana da iyaka. Shari'a ta shata iyakar, dokar Nijeriya ma ta shata ta.

Na farko, ba a kama wani a madadin wani. Ku duba Suratu Yusufa. Lokacin da aka sami ma'aunin sarki a kayan ƙaninsu, 'yan'uwan suka roƙi a riƙe ɗayansu a maimakonsa. Annabi Yusufu ya nemi tsarin Allah daga aikata haka, ya nuna cewa zalunci ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 36, ita ma ta hana kama mutum a madadin wanda ake tuhuma. Dokar nan kuma ta hana kama mutum don bashi kurum ko saɓa alkawarin ciniki. Wannan maganar kotu ce. Ɗan sanda ba ɗan karɓar bashi ba ne.

Na biyu, kamanni ba hujja ba ne. Allah Ya hana mu yawan zato da bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati. Dokar 2020 ta ce shekarun mutum, ko irin askinsa, ko irin tufafinsa, ba su isa dalilin tsayar da shi a caje shi ba. Saboda haka gemunka da ɗagaggen wandonka ba laifi ba ne. In an kama ka, dole a gaya maka dalili. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ba ka ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani wanda ka zaɓa. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Mutum nawa ne yatsarsu ta ɗaure su?

Na uku, tsarewa tana da wa'adi. Sashen nan na 35 ya ce a kai ka gaban alkali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne shi ke da nasa hukuncin dabam. Beli kuwa a caji ofis kyauta ne, hukumar 'yan sandan da kanta take shelanta haka. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da hakkin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Na huɗu, ba a dukan mutum don ya amsa laifi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa sahabi Hishamu ɗan Hakimu ya ga an shanya wasu mutane a rana a ƙasar Sham saboda haraji. Bai wuce ba, ya tsaya ya shaida cewa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) yana gargaɗi da azabar Allah ga masu azabtar da mutane a duniya, ya je wajen gwamna har aka sake su. Mutanen nan fa ba Musulmi ba ne. A Nijeriya, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har na shekara 25, kuma ba ta karɓar uzurin wai maigidana ne ya sa ni.

Na biyar, gida yana da alfarma. Suratun Nuri ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sashe na 37 na Tsarin Mulki kuma ya kare sirrin gida da na waya. In an zo bincike, tambayi takardar izini ka duba. Amma ka sani, in mai laifi suka biyo ya faɗa gidanka, doka ta ba su damar shiga.

To, kai me ke kanka? Kada ka gudu, kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi. Wanda ke riƙe da bindiga ba a yi masa gardama da ƙarfi, kuma ranka amana ne. Yi magana da ladabi, ka riƙe sunansa da lambarsa da ofishinsa, ka nemi a sanar da danginka. Su kuma su nemi lauya. In babu hali, akwai hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta, akwai kuma Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Sai maganar toshiyar baki. Hadisi ya tabbata da la'anar mai ba da rashawa da mai karɓa. Gaskiya ne malamai sun yi rangwame ga wanda aka tilasta, ba shi da wata hanyar kuɓuta. Amma mu tun ba a tambaya ba mun sa hannu aljihu. Wallahi duk nairar da ka miƙa a shingen hanya, ka ƙara wa talakan da ke bayanka nauyi ne.

Kai kuma ɗan'uwa mai kaki, ka ji tsoron Allah. Rundunar SARS da ake jin tsoro, a watan Oktoba na 2020 aka rushe ta bayan kukan jama'a ya yi yawa. Wannan a duniya ke nan. Ranar da za a tsaya gaban Allah babu kaki, babu igiya a kafaɗa.

Ku koyi waɗannan abubuwa, ku koya wa iyayenku da ƙannenku, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah Ya tsare mu da yin zalunci, Ya tsare mu da a zalunce mu, Ya shiryi shugabanninmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.